Golmon Gawar Matar Yayana

Ranar da matar yayana ta rasu na ga kuka iri-iri, har na ce da ana sayar da shi a kasuwar Zuru da an ware masa layi guda kusa da masu albasa. Akwai na matan da suka iso da anko a goge tun gawa ba ta huce ba, kai ka ce tun makon jiya aka sanar da su. Akwai na 'yan siyasa, wanda ba ya fitowa sai mai ɗaukar hoto ya gyara tsayuwa. Akwai kuma na wani farfesa daga jami'a, da ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Baba, mun yi rashin uwa."

Na ce, "Allah sarki. Yaushe rabonka da uwar taka?"

Ya ce ayyuka ne suka yi yawa. Daga ofishinsa zuwa gidanta kuwa ko ɗan kabu-kabu ba ya yarda ya ɗauke ka, sai ya ce ka taka da ƙafarka.

Cikin taron nan duka mutum ɗaya na ga ya yi abin da ya yi kama da baƙin ciki. Ɗan Ibon nan ne mai shagon kayan gini a bakin layinta. Ya rufe shago da rana tsaka, abin da ko ranar da aka haifa masa tagwaye bai yi ba, ya zo ya zauna a kan turmi. Da na matsa kusa da shi sai ya ce, "Baba, yanzu wane ne zai zage ni da safe?" Na ce ya kwantar da hankalinsa, ina nan.

Ni ƙanin mijinta ne, kuma ni kaɗai na rage a cikin maza na gidanmu masu furfura. Tsakanina da ita wasa ne tun ranar da ta shigo gidan, ban kuma ji inda aka ce mutuwa tana soke wasa ba. Karatuna a aji uku ya tsaya. Da wannan take kirana har ta koma ga Allah, Aji Uku, ko a gaban jikokina ne. Wanda ya ga Hausata ta karkace ya yi haƙuri, a bariki na ƙarasa koyonta, ba a makaranta ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na ji abin da aka faɗa a kanta a lasifika wurin zaman makoki. Sun ce fitila ce, sun ce tauraruwa ce, wani ma ya ce ba ta taɓa ɗaga murya ba. Ban san wace mata suka binne ba. Tawa gajeruwa ce, mai faɗa, mai duba faratan mutum kafin ta amsa gaisuwarsa. In ta yi magana a tsakar gida, kajin maƙwabta ma sai su natsu.

Duk wanda ya shiga jami'a ya san tsohon ginin dutsen nan da ke bayan manyan gine-gine, mai sunanta a goshi da haruffan ƙarfe. Ɗalibai suna tsayawa a gabansa su ɗauki hoto. Ka tambaye su wace ce, wani ya ce matar wani gwamna ce, wani ya ce Baturiya ce ta mishan. Ginin ya girmi jami'ar, ya girmi kwalejin da ta riga jami'ar, ya girmi yawancin masu jawabi a cikinsa. Ga yadda aka yi shi.

A al'adarmu ta Lelna, mutanen ƙasar Zuru, saurayi ba ya samun mata sai ya yi wa uban yarinya noma shekara da shekaru, shi da ƙannensa da abokansa. Wannan shi ne golmo. Lokacin da ta dawo daga makarantar horon malamai, mace ta farko daga duwatsunmu da ta riƙe alli, yayana ya ce shi ita yake so. Mutane suka ce ya haukace, me za ta iya a gona? Ita kuwa ta ce ta yarda, amma da sharaɗi. Ta je ta durƙusa gaban ubanta ta ce, "Baba, golmon nan nawa ne ko naka?"

Ya ce, "Nawa ne. Ni na haife ki."

Ta ce, "To ka ara mini rani. Damina su yi maka noma, rani su ɗauko mini dutse in gina makaranta."

Tsohon ya yi dariya har taba ta sarƙe shi, ya ce ta ɗauka, dama da rani samarin ba abin da suke yi sai kokawa da shan burkutu. Haka aka mayar da mu jakuna. Daga gindin dutsen Dabai muke fasa shi mu sauko da shi a kafaɗa, tana tsaye da sandar awo tana cewa wannan ya yi, wannan a mayar. Ta taɓa mayar da yayana da wani ƙaton dutse da ya sha wuya kafin ya kawo, ta ce ruɓaɓɓe ne. Ya dube ta, muka ce yau aure ya mutu tun ba a ɗaura ba. Sai ya sunkuya ya ɗauka. Tun daga ranar na san wane ne maigida a gidan da za a kafa.

A nan karatuna ya tafi. Ita ce malamarmu a aji uku, ni ne kuma babba a ajin, har gemu ya fara yi mini sallama. Aka ce ƙanin ango ba zai zauna a benci ba alhali abokan ango suna ɗaukar dutse. Na fita da niyyar komawa, ban koma ba. Saboda haka in kuka ji ana cewa ta ba dubban 'yan mata ilimi, ku tuna da wanda ya biya kuɗin: nawa ilimin aka yanka aka yi musu miya da shi. Na sha faɗa mata haka. Takan ce, "Aji Uku, ko shekara goma ka yi a gabana, aji uku za ka fito. Na taimaki benci ne." Ta ce in zo in zauna a ajin yamma in ƙarasa. Ajin yamma na matan aure ne. Na ce ni da zan tafi soja ba zan zauna cikin masu goyo ina rera a, ba, ca ba. Ta ce girman kai ne ya fi dutse nauyi a kafaɗata. Muka bar maganar a nan, muna ɗaukota duk Kirsimeti.

Ajin yamman nan shi ne ranta. Da safe 'yan mata, waɗanda takan hau dutse gida-gida ta karɓo. Uba ya ce wa zai ɗebo ruwa, ta ce, "Kai. Ƙafarka ta karye ne?" Amma da la'asar ɗakin na matan soja ne. Ƙasarmu ƙasar soja ce, kusan kowane gida akwai wanda ya tafi. Miji ya rubuto daga bakin daga, mata ta ɗauki takarda ta kai wa mai karatu a bakin gidan waya, kafin ta dawo gida duk kasuwa ta san abin da mijinta ya ce mata, har da wanda bai kamata a ji ba. Wannan ne ya ƙona mata rai. Ta ce mace ta karanta maganar mijinta da idonta, in kuka ne ta yi abinta a ɗaki. Suna zuwa da goyo, da ƙwaryar gyaɗa suna ɓarewa, da warin daddawa a zane. Ba ta taɓa korar mai goyo ba. In jariri ya dame su sai ta karɓe shi ta saɓa a kafaɗa, ta ci gaba da rubutu da ɗaya hannun. Matata ma a nan ta koya, kuma tun da ta iya karatu ban sake cin gardama a gidana ba. Wannan ma yana cikin ƙarar da nake da ita.

Da manyan makarantu suka zo suka kewaye wurin da shinge, ginin ya faɗa a ciki. An bar mata ajin yamma shekaru, ana kau da kai. Sai wata shekara aka ce za a karrama ta. Aka sa gilashi a tagogi, aka shimfiɗa kafet, aka kafa esi mai sanyaya ɗaki, aka jera kujeru masu laushi, aka manna sunanta a sama. Ranar buɗewa an sa mata alkyabba da wata hula mai kama da faranti, aka ba ta almakashi ta yanka ƙyalle. Bayan an gama tafi sai wani jami'i ya ja ta gefe, cikin ladabi ƙwarai, ya ce yanzu ɗakin ya zama na manyan taruka, matan nan a nema musu wani wuri, saboda kafet da yara ba sa haɗuwa.

Ina tsaye kusa. Na gyara kunne don na san za a sha kallo. Ta cire hular ta miƙa masa, ta cire alkyabbar ta ninke ta ɗora a kan hular, ta ce in zo mu tafi. A hanya na ce, "Matar yaya, yau bakin ya mutu?" Ta ce, "Ba a yi wa bango faɗa." Ta mayar da ajin barandar gidanta, ba ta kuma sake taka ginin ba. Duk shekara suna aiko mota, duk shekara mota tana komawa da direba kaɗai.

A ciwonta na ƙarshe na je duba ta. Ta rame, amma sai da ta dubi faratana. Ta ce, "Aji Uku, zauna. In na mutu za su zo neman gawata su shimfiɗa a ɗakin nan su yi Turanci a kaina. Kada ka ba su."

Na ce, "Kina da ɗa namiji, babban mutum a Abuja. Me ya kawo ni ciki?"

Ta ce, "Ɗana yana jin kunyar manya. Kai ba ka da kunya."

Na ce na ɗauka. Ban taɓa samun yabo daga bakinta ba sai ranar.

Yadda ta faɗa haka aka yi. Gawa tana mutuware ana jiran dangi su taru, sai ga kwamiti. Ciyaman ɗinsu farfesan nan ne da ya yi rashin uwa. Ɗanta na zaune gefensa yana gyaɗa kai tun kafin a yi magana. Suka ce sun tsara komai: ranar jana'iza za a fara kai ta ɗakin da ke ɗauke da sunanta, manyan baƙi su yi jawabi, sannan coci, sannan kabari. Sun zo ne kawai in sa albarka, tunda ni ne uban gida.

Na ce ta ce kada a kai ta.

Ciyaman ya yi murmushin da ake yi wa mai tabin hankali, ya ce, "Baba, ai Mama ta wuce ta gida ɗaya. Ta ƙasa ce baki ɗaya."

Ɗan ya ce, "Baba, an riga an gayyaci mutane. Kada ka kunyata ni."

Na dube su. In na ce a'a kai tsaye, za su zagaya ta bayana su ɗauke ta, don mota tasu ce, mai gadin mutuware ma ya fi jin maganar mai babbar riga. Sai na gyara murya irin ta alƙali. Na ce a gidanmu ba a ɗaukar mace kyauta, mai rai ko matacciya. Yayana da kafaɗarsa ya same ta. Ga dawarta can a gona a hanyar Dabai, ta nuna, tana tsaye ba mai girbewa tun da ta kwanta. Duk mai son gawar nan ya je ya girbe da hannunsa, ya ɗaure dami, ya zuba a rumbu. Wanda ya yi, tasa ce, ya kai ta inda ya ga dama. Na faɗa a gaban fasto da dattawan unguwa, na sa suka shaida.

Ɗan ya ce, "Baba, don Allah, wannan ba lokacin wasa ba ne."

Na ce, "Ubanka ma haka ya zata."

Dattawa suka ce magana ta yi daidai da al'ada, don su ma sun gaji da zaman makoki ba abin kallo. Na koma gida ina jin kaina wani mai hikima. Na san hannuwan nan, na gaisa da su, laushinsu kamar burodi.

Washegari suka aiko 'yan ƙwadago cike da akori-kura. Na tare su a bakin gona na ce ba a hayar golmo, in ana yi da yayana ya yi. Suka aiko tarakta. Na ce tarakta ba ta neman aure. Sai ciyaman da kansa ya zo, da sabon takalmin roba da malafa, mai hoto na biye da shi. Ya riƙe adda kamar mai riƙe da maciji, ya sari kara ɗaya, karan ya lanƙwasa bai yanke ba, ƙaiƙayi ya zubo masa a wuya. Aka ɗauki hoto. Ya ce yana da mitin. Na ce ya gaida mitin.

Ana saura kwana kaɗan jana'iza na fita da safe don in leƙa gonar, sai na jiyo waƙa tun daga nesa. Mata ne, cike da gona. Tsofaffin ajin yamma, waɗanda suka rage, da 'ya'yansu mata da matan 'ya'yansu. Wasu daga Dirin Daji, wasu daga kan duwatsu. Masu ƙarfi suna sarar kara, tsofaffi suna zaune suna yanke kai suna ɗaurewa. Shugabarsu wata gwauruwar soja ce daga Wasagu, tana cikin na farko-farkon da suka zauna a ɗakin. Ta hau kabu-kabu ta biyo hanyar nan da maza ma yanzu sai sun yi addu'a suke bi. Haƙoranta sun ƙare amma bakin yana nan. Ba wanda ya kira su. Labari ne ya kai musu a kasuwa.

Kafin rana ta yi sanyi dami na ƙarshe ya shiga rumbu. Ta zo ta tsaya gabana tana karkaɗe zane, ta ce, "Aji Uku, mun yi golmo ko ba mu yi ba?"

Na ce, "Kun yi. Kun fi maza."

"Gawa tamu ce?"

Na ce, "Taku ce." Daɗi ya cika ni, na ce ga shi Allah ya raba ni da kwamiti.

Ta ce, "To ɗakin za mu kai ta."

Na ce ba ta ji abin da Malama ta ce ba ne? Da bakinta ta ce kada a kai ta, ni ta ɗora wa.

Ta ce, "Na ji. Kai dutse ka ɗauka, mu muka zauna a ciki. A ɗakin nan na karanta takardar da ta ce mijina ya mutu, da idona, ita tana riƙe da ɗana. Ranar da aka kore ta, da mu aka kore ta. Ba ta shiga ba don ba ma ciki. Tare muka fito, tare za mu koma, ko na yini ɗaya ne."

Na ce alkawari na yi wa mamaciya.

Ta ce, "Ka yi wa masu rai ma, a gaban fasto. Zaɓi wanda za ka karya."

Na nemi dattawa su cece ni, suka ce ai ni na kafa doka. Tarkon da na ɗana wa masu takalmin roba, ƙafata ya kama. Ɗanta kuwa har rungume ni ya yi, yana zaton ya ci nasara. Na bar shi da zatonsa.

Ranar jana'iza matan suka ƙi motar gawa. Suka ɗauki akwatin a kafaɗa tun daga ƙofar jami'a, suna karɓa-karɓa. Masu gadi suka dubi juna suka buɗe. Kafin manyan baƙi su gama fitowa daga motoci, ɗaki ya cika maƙil: kujerun gaba masu laushi, na baya, kan kafet, bakin taga, ko'ina mata ne da goyo da ƙullin kaya. Masu alkyabba suka tsaya a rana suna fifita da hulunansu. Ciyaman ya kutsa ya kai ga lasifika, ya buɗe baki ya ce, "Manyan baƙi," sai gwauruwar Wasagu ta ɗaga waƙar haruffa, wadda Malama take buɗe aji da ita, duk ɗakin ya amsa. Tsofaffi marasa haƙori suna rera a, ba, ca kamar yara, wasu suna kuka suna yi. Suka kai ƙarshe suka sake daga farko. Ya jira su gama, ba su gama ba. Da suka ga ya ishe su sai suka ɗauki abarsu suka nufi coci. Ko jawabi ɗaya ba a yi a kanta ba.

Ni ban shiga ba. Sun yi ta kirana, na ce a bar ni a bakin ƙofa, ko rabin alkawarin ne in tsira da shi.

Kada wani ya zaci abin ya gyaru. Da yamma aka share ɗakin, aka fesa turare, aka kulle. Matan sun roƙi a mayar musu da ajin yamma, an ce za a kafa kwamiti ya duba. Na san irin dubawar. Hoton ciyaman da adda kuwa an buga shi, an rubuta a ƙasa wai jami'a ta taya iyalan marigayiya girbi.

Matar yaya, ga yadda aka yi. Ban ba su ke ba, ba su kuma yi Turanci a kanki ba, amma kin shiga ɗakin, da yardata kuma. Na auna na sake aunawa, ban san ko na cika miki ko na saɓa ba, kuma ke kaɗai ce mai iya ba ni maki. In faɗa ne, ki ajiye mini shi da zafinsa, ba zan daɗe ba. Ki gaida yayana, ki bar shi ya huta, ya ɗauki abin da ya ishe shi. Ubangiji ya ba ki hutawa, ya kuma ba waɗanda aka kwantar kusa da ke haƙuri.